Ɗan Takara da Mai Wa'azinsa: Nazari a kan Jawabin Barack Obama na Filadelfiya

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabi a wajenmu sun fi mai da hankali ga waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo. Jawabin ɗan siyasa kuwa ba kasafai akan ɗora shi bisa ma'auni ba, sai a bar wa 'yan jarida su yi sharhinsu na kwana ɗaya su wuce. Alhali jawabi shi ma zube ne, yana da jigo, yana da zubi da tsari, yana da salo, kuma ya fi sauran saurin nuna sakamako, domin mai yin sa yakan ci ko ya faɗi a kansa. Wannan takarda za ta duba jawabi guda ɗaya, watau wanda Barack Obama ya yi a birnin Filadelfiya ran 18 ga watan Maris, 2008, sa'ad da yake neman jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da shi takarar shugabancin Amurka. Dalilin jawabin shi ne ƙurar da ta tashi a kan dangantakarsa da fastonsa, Jeremiah Wright.

Abin da nake so in nuna shi ne, jawabin ya ci nasara ta hanyar sauya tambayar da aka yi wa mai shi. An tambaye shi a kan malami da mabiyinsa, shi kuwa ya ba da amsa a kan baƙar fata da farar fata. Amsar ta yi kyau ƙwarai, amma tambayar farko tana nan inda aka bar ta, kuma bayan kwana 42 ta sake tasowa.

2.0 Mafarin Rikicin

An haifi Wright a Filadelfiya a 1941. Ya yi shekara shida yana aikin sojan ruwa, sa'an nan a 1972 ya zama faston Majami'ar Trinity da ke kudancin Shikago, lokacin mabiyanta ba su kai ɗari ba. Kafin ya ajiye aiki a 2008 sun kai dubbai. Obama ya zo Shikago a 1985 yana aikin haɗa kan talakawan unguwanni, a nan ya san shi. Wright ne ya ɗaura masa aure a 1992, shi ya yi wa 'ya'yansa biyu baftisma, kuma daga wata huɗubarsa Obama ya ɗauko sunan littafinsa na biyu wanda ya fito a 2006. Dangantaka ce ta wajen shekara ashirin, ba ta gaisuwar hanya ba.

Obama bai jahilci haɗarin da ke cikinta ba. A watan Fabrairu na 2007, ranar da ya bayyana takararsa a Springfield, an shirya Wright zai buɗe taro da addu'a, amma daga baya aka janye gayyatar. Bayan shekara guda, ran 13 ga watan Maris, 2008, gidan talabijin na ABC ya nuna gutsattsarin huɗubobin Wright waɗanda majami'ar da kanta take sayarwa a faifai. Biyu suka fi tayar da hankali. A ta farko, wadda ya yi ran 16 ga watan Satumba, 2001, kwana biyar bayan harin da aka kai New York da Washinton, an ji shi yana lissafa Hiroshima da Nagasaki da sauran wuraren da Amurka ta zubar da jini, yana nuna cewa ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya. A ta biyu, ta ran 13 ga watan Afrilu, 2003, an ji shi yana cewa maimakon a roƙa wa Amurka albarka, Allah ya tsine mata.

Hujjar abokan adawa ba ta da wuyar fahimta ga Bahaushe, domin ita ce ta zama da maɗaukin kanwa. Shi kuwa Obama yana tsaka mai wuya. A wannan lokaci ana ta baza jita-jitar cewa shi Musulmi ne a ɓoye, majami'ar Trinity kuwa ita ce babbar shaidarsa ta Kiristanci. In ya yar da ita, ya yar da shaidarsa, kuma baƙar fata za su ce ya sayar da nasa saboda mulki. In ya rungume ta, fararen ma'aikata na Jihar Fensilbeniya, inda za a yi zaɓen fid da gwani ran 22 ga watan Afrilu tsakaninsa da Hillary Clinton, za su juya masa baya.

3.0 Huɗubar da Aka Gutsure

Kafin mu shiga jawabin, wajibi ne mu san irin maganar da yake amsawa. Duk wanda ya nazarci waƙoƙin wa'azi ya san cewa mai wa'azi yana tafiya da ƙafa biyu, tsoratarwa da kwaɗaitarwa, kuma in aka tsinci baitocin tsoratarwa kaɗai aka jera, sai a zaci mawaƙin maƙiyin mutane ne. Majami'un baƙar fatar Amurka suna da daɗaɗɗiyar al'ada ta wa'azin tsoratar da ƙasa, wadda suka gada daga annabawan Tsohon Alkawari irin su Irmiya da Amos. A wajen mumbari ma haka ne. A 1852 Frederick Douglass ya tsaya gaban fararen fata ya shaida musu cewa bikin 'yancin kansu abin izgili ne a idon bawa. A 1967 Martin Luther King ya kira gwamnatinsa mafi yawan baza tashin hankali a duniya saboda yaƙin Biyetnam, kuma jaridu da dama suka yi masa ca. Wright reshe ne na wannan itace, tare da tasirin James Cone, wanda tun 1969 ya koyar da cewa Allah yana tare da waɗanda ake zalunta.

Idan aka saurari huɗubar 2001 gaba ɗaya, za a ga an gina ta a kan Zabura ta 137, inda baƙin cikin waɗanda aka kai bauta Babila ya rikiɗe ya zama fatan halaka jariran maƙiya. Jigonta shi ne gargaɗi kada ramuwa ta tsallake masu ɗauke da makami ta faɗa kan marasa laifi. Huɗubar 2003 kuwa, wadda aka yi kwana huɗu bayan faɗuwar Bagadaza, jigonta shi ne kada a gwama Allah da gwamnati, domin gwamnati takan yi ƙarya, takan sauya, takan kasa, Allah kuwa ba ya yin ko ɗaya. Tsinuwar da ya yi ma da sharaɗi ya yi ta, watau muddin Amurka tana kashe marasa laifi tana kuma ɗaukar kanta kamar ita ce Allah.

Wannan ba wanke Wright ba ne. A cikin huɗubar 2003 ɗin ya ce gwamnati ce ta ƙirƙiro ƙwayar cutar ƙanjamau don ta ƙarar da baƙar fata, kuma wannan magana ba gaskiya ba ce. Ana iya gane inda zargin ya samo taki, domin daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta bar ɗaruruwan baƙar fata masu ciwon tunjere a Tuskegee ba magani, don ta ga yadda ciwon zai ci jikinsu, har Shugaba Clinton ya nemi gafara a 1997. Amma zaluncin jiya ba ya mai da zato ya zama hujja. Abin lura dai shi ne, a huɗubobin akwai ƙarya da ya kamata a ƙaryata, akwai kuma hujja ta addini da ya kamata a amsa.

4.0 Zubi da Tsarin Jawabin

Jawabin ya ɗauki wajen minti 37. An yi shi a cibiyar tunawa da tsarin mulki, kusa da zauren da aka rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787, ga tutocin ƙasa jere a bayan mai magana. Tun bai buɗe baki ba wurin ya fara amsa zargin rashin kishin ƙasa. Ana iya kasa jawabin kashi biyar.

Na farko, ya buɗe da kalmomin farko na tsarin mulki, ya nuna cewa an bar aikin ba a kammala ba saboda tabon bauta. Na biyu, ya kawo tarihin kansa: uba baƙi daga Kenya, uwa fara daga Kansas, mata mai jinin bayi da na iyayen gijin bayi. Na uku, ya zo kan Wright, ya la'anci maganganunsa da cewa kuskure ne kuma masu raba kan jama'a, sa'an nan ya yabi mutumin da hidimar da majami'arsa take yi wa marasa gida da marasa lafiya da fursunoni. Na huɗu, wanda ya fi tsawo, ya warware tushen fushin baƙar fata, daga makarantun wariya waɗanda kotu ta haramta a 1954 amma illarsu ba ta gushe ba, zuwa hana su rancen sayen gida da shiga ƙungiyoyin ƙwadago. Ya kuma warware ƙorafin fararen talakawa, waɗanda suke ganin ba su gaji komai ba amma ana cewa su biya bashin laifin da ba su yi ba. Na biyar, ya kira kowa ga matsalolin da suka haɗa su, watau makaranta da asibiti da aikin yi da yaƙin Iraƙi, ya rufe da labarin wata budurwa farar fata mai yi masa yaƙin neman zaɓe da wani tsoho baƙi wanda ya ce saboda ita ya zo taro.

Idan aka dubi wannan tsari za a ga hikimarsa. Wright, wanda dominsa aka taru, ba a ambace shi ba sai da aka shimfiɗa tarihin ƙasa da na mai magana, kuma kafin a kai ƙarshe ya ɓace daga fage. An saka shi a tsakiya kamar ɗaci a cikin zuma. Mai sauraro ya shigo yana tambayar me ya zaunar da Obama gaban wannan mutum shekara ashirin, ya fita yana tunanin yadda Amurka za ta warke daga wariyar launin fata.

5.0 Salo: Kaka da Fasto

Babban salon jawabin shi ne daidaita rinjaye, watau duk abin da aka ɗora a wannan hannu sai a ɗora kwatankwacinsa a wancan. Fushin baƙi yana da tushe, ƙorafin fari ma yana da tushe. Baƙi suna faɗin abin da ke ransu a shagon aski da teburin abinci, farare ma ba kullum suke faɗin nasu a bainar jama'a ba. Wannan salo ne ya sa kowane ɓangare ya ji an san ciwonsa, kuma ba ƙaramin abu ba ne ɗan takara ya faɗa wa kowane ɓangare ciwon ɗan'uwansa a zama ɗaya.

Ƙololuwar wannan salo ita ce inda ya ce ba zai iya yar da Wright ba, kamar yadda ba zai iya yar da al'ummar baƙar fata ba, kamar kuma yadda ba zai iya yar da kakarsa farar fata ba, wadda ta rene shi tana ƙaunarsa, amma ta taɓa gaya masa tana jin tsoron baƙaƙen mazan da take gamuwa da su a titi. Ma'anar ita ce ta karin maganar nan, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A nan jawabin ya fi taɓa zuciya, a nan kuma ya fi rauni, saboda dalilai biyu.

Na ɗaya, mutum ba ya zaɓen kakarsa, ba ya zaɓen launin fatarsa, amma yana zaɓen malaminsa. A Shikago majami'u ba su ƙidayuwa, Obama ya zagaya da yawa cikinsu a bakin aikinsa, ya zaɓi Trinity yana baligi mai ilimi. Siffanta zaɓi da jini dabara ce ta kauce wa tambayar dalilin zaɓin. Na biyu, abin da tsohuwa ta faɗa wa jikanta a cikin gida ba ɗaya yake da abin da malami ya faɗa a kan mumbari gaban dubban mutane, aka kuma naɗa a faifai ana sayarwa ba. Ita tsoronta ta furta, shi koyarwa ya yi. Ma'aunin ya yi daidai a kunne, amma kayan da ke hannu biyu nauyinsu ba ɗaya ba ne.

6.0 Abin da Jawabin ya Tsallake

Ta yaya jawabin ya bayyana Wright? Ya ce shi ɗan zamanin wariya ne, wanda wulaƙancin ƙuruciya bai bar zuciyarsa ba. Tun kafin wannan rana ma Obama ya taɓa kwatanta shi da tsohon kawu wanda yakan faɗi abin da ba a yarda da shi ba. Wannan uzuri ne, amma uzuri mai rage daraja, domin ya mai da malami mai digirin digirgir a fannin addini ya zama tsoho mai ciwon rai wanda ake haƙuri da shi. An kāre mutumin, an zubar da wa'azinsa ba tare da an duba shi ba. Ko sau ɗaya jawabin bai gaya wa masu sauraro mene ne jigon huɗubobin biyu ba, bai kuma ambaci al'adar tsoratar da ƙasa wadda King kansa ya bi ba.

Har ila yau, jawabin ya ce babban kuskuren Wright shi ne ya ɗauki Amurka kamar ƙasar da ba ta motsi, wadda ba ta ci gaba ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo a kansa, kuma Obama da kansa, baƙin mutum a bakin ƙofar fadar shugaban ƙasa, shi ne shaidarta. To amma huɗubar 2003 ta ware sashe guda a kan cewa gwamnati takan sauya, har ta kawo misalin Lincoln da 'yanta bayi, da Truman da kawar da wariya a cikin soja. Saɓanin da ke tsakaninsu a wani wuri yake. Wright yana cewa kada a dogara ga ƙasa, a dogara ga Allah, domin sauyin gwamnati yana iya zama na alheri ko na sharri. Obama kuwa yana cewa ƙasar tana da ikon gyara kanta, tana kuma kan hanyar gyarawa. Ɗaya maganar mai wa'azi ce, ɗaya ta mai neman ƙuri'a, kuma jawabin bai yarda ya fito da wannan bambanci fili ba.

Haka kuma maganar siyasar waje, wadda ita ce ƙashin bayan huɗubar 2001, jimla ɗaya aka ba ta. Obama ya ce kuskure ne a ɗora rikicin Gabas ta Tsakiya a kan ƙawayen Amurka irin su Isra'ila, maimakon a kan aƙidar masu tsattsauran ra'ayin Musulunci. A jawabin da ya yi ta ba kowane ɓangare haƙƙinsa, nan ne kaɗai aka ajiye ma'auni. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya tuna jita-jitar da muka ambata a baya.

Game da tambayar ko ya san irin waɗannan maganganu, ran 14 ga watan Maris ya ce ba ya cikin majami'a lokacin da aka yi waɗanda aka nuna. A jawabin kuwa ya amsa cewa ya sha jin fastonsa yana faɗin abubuwan da za su iya jawo ka-ce-na-ce. Maganganun biyu ba su ƙaryata juna ba, amma an auna su da awon lauya.

7.0 Abin da ya Biyo Baya

Hoton tsohon kawu yana tsayawa ne muddin kawun ya yi shiru, Wright kuwa bai yi ba. Ran 28 ga watan Afrilu, 2008, ya bayyana gaban 'yan jarida a Washinton, ya ƙi janye maganar ƙanjamau, ya yabi Louis Farrakhan, ya ce harin da ake kai masa hari ne a kan majami'ar baƙar fata, ya kuma nuna cewa Obama yana faɗin abin da ɗan siyasa yake faɗa ne don a zaɓe shi. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ciwo, domin ta taɓa gaskiyar jawabin kansa. Kashegari Obama ya fito a Jihar Karolina ta Arewa ya barranta da shi a fili. Ran 31 ga watan Mayu, bayan wani baƙon limamin Katolika ya yi wa Hillary Clinton ba'a a kan mumbarin Trinity, Obama da iyalinsa suka fita daga majami'ar. Hannun da aka ce ba a yankewa an yanke shi, kakar kuwa ya ajiye yaƙin neman zaɓe ya je duba ta a Hawai a watan Oktoba, kafin rasuwarta kwana biyu gabanin zaɓe. Aiki ya nuna bambancin da magana ta ɓoye.

Don adalci, ya kamata a tuna cewa ba Obama kaɗai ya shiga irin wannan hali a shekarar ba. John McCain na jam'iyyar Rifablikan ya karɓi goyon bayan Fasto John Hagee, wanda ya taɓa cewa guguwar Katrina ta 2005 hukuncin Allah ce a kan birnin New Orleans, bai kuma yar da shi ba sai ran 22 ga watan Mayu, 2008, bayan an tono huɗubar da ya ce Allah ne ya yi amfani da Hitler don mai da Yahudawa ƙasarsu. Ƙurar Hagee ba ta kai ta Wright tashi ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne McCain bai taɓa zama mabiyin Hagee ba. Ɗaya ɓangaren kuwa shi ne abin da Obama ya yi jawabi a kai, watau fushin baƙin mai wa'azi ya fi tsoratar da Amurka bisa na fari. McCain dai ya ƙi amfani da batun Wright a yaƙinsa, kuma ran 4 ga watan Nuwamba Obama ya ci zaɓe da ƙuri'un wakilai 365, McCain yana da 173.

8.0 Kammalawa

A ganina jawabin Filadelfiya jawabi biyu ne a riga ɗaya. Na farko bayani ne a kan wariyar launin fata, kuma wannan ya cancanci yabon da ya samu, domin ya yi wa mutane magana a matsayin masu hankali a lokacin da gajeren zance mai zafi ya fi riba. Na biyu amsa ce a kan dangantakar ɗan takara da malaminsa, wannan kuwa bai tsaya ba, saboda an gina shi a kan kamance wanda bai dace ba. Da ya fito ya ce, na zaɓi wannan mutum saboda kaza, na karɓi kaza daga koyarwarsa, na ƙi kaza, ga kuma hujjata, da abin da ya faru a watan Afrilu bai zama warware magana ba. Mai yiwuwa ne da hakan ya fi tsada a akwatin zaɓe, wannan kuwa lissafin 'yan siyasa ne.

Abin da ya shafe mu a matsayinmu na masu nazari abu biyu ne. Na ɗaya, kada mu yanke wa huɗuba hukunci da gutsurenta, ko da gutsuren ya yi muni. Na biyu, kada daɗin jawabi ya hana mu komawa mu duba ko tambayar da aka amsa ita ce aka yi. Kamance yakan rinjayi mai sauraro fiye da hujja, don haka a kansa ya kamata mai sharhi ya fi tsayawa, ya tambaya ta ina abubuwan biyu suka yi kama, ta ina kuma suka rabu.